Ranar da Ɗan Takara Ya Sauko Ramin Yashi

A shekarar da nake ba da labarinta sana'ata biyu ce, kuma ɗaya tana cin ɗaya. Da damina ina noma gonar da mahaifinmu ya bar mana a bakin rafi. Da rani kuwa, idan rafin ya ƙafe, sai in ɗauki shebur in sauka cikinsa tare da sauran majiya ƙarfin ƙauyenmu, mu yi ta loda wa tifa yashi tun hantsi har la'asar. Birni ake kai yashin, wajen su Rijiyar Zaki, inda gini ba ya ƙarewa. Na gama sakandare, na nemi aikin biro har na gaji. Ga mata da 'ya'ya biyu, ga Inna mahaifiyata. Shebur ne kaɗai ya karɓe ni.

Wajenmu babu daji. Gona tana jikin gona, ƙauye yana jikin ƙauye, daga ƙofar gidanmu kana jin kiran sallar masallatai uku. Ko ina ka taka da mai shi. Shi ya sa idan gaɓa ta zube ta tafi da kunya biyar na gonarka, babu inda za ka je ka samo madadinsu. Da farko tsakiyar rafin muke haƙa. Da yashin tsakiya ya ƙare muka matso gefe, muka shiga ƙarƙashin gonakin mutane muna rarake su kamar gara. Ruwan farko yana sauka sai ƙasa ta rufta. Gonarmu ta rasa bishiyar mangwaro da duk abin da ke bayanta, kuma ni da hannuna na haƙe ƙarƙashin mangwaron. Inna ba ta taɓa yi mini maganar ba. Sai dai idan ta ga na saɓa shebur takan bi ni da kallo har in fice daga zaure.

Ramin na wani Alhaji ne mai tifofi. Ba shi ya mallaki rafin ba, amma shi ke da takardar haƙa, kuma shi ne jigon jam'iyyar da ta fi ƙarfi a mazaɓarmu. Mukan yi wata ba mu gan shi ba. Ciyaman ɗinmu na 'yan lodi ne ke kawo saƙonsa.

Ana saura wata biyu zaɓe, wata Talata da rana tsaka, babura biyu suka tsaya a saman gaɓa. Wanda ya sauko gaba duk mun san shi. Tsohon malamin gona ne daga ƙauyen da ke ƙetaren rafi, shi ya koya wa iyayenmu yadda ake surka dawa da waken suya don a rage ciyawar wuta-wuta mai kashe dawa. Mun ji cewa ya tsaya takarar majalisar dokokin jiha a wata ƙaramar jam'iyya, mun kuma yi dariya. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya gangaro cikin ramin yana zamewa. Ban taɓa ganin ɗan takara a ƙasan nan ba. Su a kan titi suke tsayawa, a cikin mota.

Ya yi mana sannu da aiki, ya ce, "Ban kawo muku taliya ko sabulu ba, ba ni da su. Abin da zan je in nema idan kun tura ni, shi na zo in faɗa muku, ku auna da kanku."

Ya ce yana son a riƙa manna sunayen waɗanda aka ba takin zamani a bangon firamare, kowa ya karanta. Yana son ungozoma mai ilimi da za ta zauna a ɗakin shan maganinmu, ba wadda za ta leƙo sau ɗaya a mako ba. Ya yi maganar ajin sakandare kusa da gida don 'yan mata su daina tsayawa a aji shida. Ya ce idan za a karɓi gonar mutum a yanka filaye, a biya shi diyya a bainar jama'a, kuma gonar matar da mijinta ya rasu a rubuta ta da sunanta. Duk wannan mun gyaɗa kai. Sai ya ɗaga ido ya dubi gaɓar da ta yi mana rumfa a ka.

"Na ƙarshe shi ne wanda ba za ku so ba," in ji shi. "Doka nake so a kan haƙar yashi. A ja baya daga gonaki. Wanda ya haƙa rami ya cike shi. Lebura idan ya ji rauni, mai rami ya yi masa magani."

Ina da taubashi a cikin 'yan lodin, ɗan ƙanin Inna, sa'ana ne, tare muka tashi. Shi ba ya ɓoye magana. Ya soka shebur ɗinsa a yashi ya ce, "Malam, idan ka hana yashi me za mu ci?"

"Ban ce a hana ba, na ce a ja baya. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, lodi zai ragu. Shi ya sa nake son a haƙa muku rijiyoyin noman rani a bakin rafin nan, kamar yadda mutanen Watari suke samun aiki duk shekara."

"Kafin a haƙa rijiyar fa?"

Malam ya ce, "Za a sha wuya."

Wannan amsar ta ba ni tsoro fiye da duk ƙaryar da 'yan siyasa suka taɓa yi mana, don na san gaskiya ce.

Daga nan ya nuna sama ya tambaya, "Gonar wa ce wannan?" Kowa ya yi shiru. Da na yi shiru ni ma da ba ni da labarin da zan rubuta. Amma na ji bakina ya ce, "Tamu ce."

Ya ce in zo in nuna masa. Muka hau tare. Ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa ya ɗaga waya, na gani, ban kawo komai a raina ba. Malam ya ce in nuna masa inda iyakarmu take a zamanin mahaifina. Na miƙa hannu na nuna iska, can saman ramin, inda babu ƙasa ko kaɗan. Ya ce wa ya haƙa? Na ce, "Ni ne, Malam. Da hannuna. Kullum na sauka ƙasan nan gabana faɗuwa yake, ina jin wata rana kanmu za ta zubo. Amma idan ban sauka ba babu tuwo."

Kafin Juma'a babu wayar da hoton bidiyon nan bai shiga ba a yankinmu. Ga ni nan da yagaggiyar singileti ina nuna iska. Ran kasuwa kuma wata motar kamfe mai lasifika ta ratsa ta tsakiyar rumfuna, sai na ji muryata tana fita daga cikinta: "Ni ne, Malam. Da hannuna." Ina tsaye gaban mai gishiri a lokacin. Ban san lokacin da na baro kasuwar ba.

Washegari ciyaman ya tare ni a bakin rami ya ce, "Ajiye shebur. Alhaji na son ganinka bayan azahar."

Na yi tsammanin zagi. Da zagin ne da ya fi mini sauƙi. Alhaji ya sa aka shimfiɗa mini darduma, aka kawo ruwan sanyi. Ya tambayi lafiyar Inna, ya ce ya ji ƙafarta na damunta. Ya tambayi 'yata babba, ya ce ai ita ce ke bi ta bakin rafi zuwa firamare da safe, ko? Ban taɓa zaton ya san ina da 'ya ba. Na riƙe kofin ruwan na kasa sha.

"Na ji ka ce ramina na ba ka tsoro," in ji shi a hankali. "Ni kuwa ba na son a wahalar da mai tsoro. Ka je ka huta."

"Alhaji, a yi haƙuri, ban san za a yaɗa ba."

"Babu komai. Sai dai ka sani, idan wancan malamin ya ci, tifofina zan kwashe in koma wani rafin. Duk gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba a ƙauyenku, ba ni za su tambaya ba. Kai za su tambaya."

Maganar ta riga ni isa gida. Tun daga ranar ƙauyen da aka haife ni ya zama mini wani gari. Idan na shiga majalisar da muke zama bayan la'asar sai hira ta mutu. A masallaci mutum ya ba ni hannu yana kallon wani wajen. Taubashina, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa bai tsokane ni ba, ya wuce ni a hanya da sallama kawai. Na bi shi na riƙe masa hannu, ya fizge.

"Gonarku ce kaɗai ta zube?" ya ce. "Tamu ba ta zube ba? Ka ga na je na yi wa waya kuka? Idan aka rufe ramin nan ka zo ka ɗauki 'ya'yana ka ciyar."

Sai kuma 'yan jagaliya suka fara. Ba 'yan garinmu ba ne, samari ne da ake kwasowa daga wani wuri lokacin zaɓe. Sukan zo da yamma a kan babura, uku uku, da gorori, su rage gudu daidai ƙofar gidanmu, su yi ta murza totur, su wuce. Ba su taɓa cewa komai ba. Wata rana na je gona na tarar an banka wa karan dawar da na tara wuta, sai toka. Daga nan na fara zagaya rumbunmu sau da yawa a yini, ina duba ko an yi masa wani abu. Na hana 'yata zuwa makaranta. Ko akuya ce ta taɓa ƙyauren zaure sai in miƙe tsaye.

Matata ta ce, "Maigida, bari in kai yaran nan Kunci wajen su Baba har a gama zaɓe." Na amince. Na roƙi Inna ta bi su, ta ce, "A ɗakin nan na haife ka. Babu ɗan da zai kore ni daga cikinsa da ƙarar babur." Ta ci gaba da jan carbinta.

Da abin ya ishe ni na ƙetare rafi na sami ɗan takarar a gidansa. Gida ne na ƙasa kamar namu. Na tarar da shi da filasta a goshi, an jefe shi a wani taro kwana biyu da suka wuce. Ban ko zauna ba na ce, "Malam, ka cuce ni. Ka ɗauki bakina ka ba duniya."

Bai kare kansa ba. Ya ce, "Gaskiyarka. Ya kamata in tambaye ka kafin a sake shi, ban yi ba. Ka yafe mini." Nan take ya kira mai motar lasifika a waya ya ce kada ya ƙara sa muryata. Sannan ya ce, "Wanda ya shiga wayoyin mutane kuwa ba ni da ikon dawo da shi. Idan kana so, zan tsaya a kasuwa in ce ni na matsa maka."

"Idan ka faɗi zaɓe fa? Ni ina zan sa kaina?"

"Idan na faɗi ina nan. Rafin nan ne a bayan ɗakina ni ma." Ya taɓa filastar goshinsa. "Kana tsammanin ba na jin tsoro? Matata ta daina yi mini magana sai a kan abinci."

Na fito ban sami abin da na je nema ba. Na ce masa kada ya je kasuwar, don na san ƙara hura wutar zai yi.

Ana saura kwana tara zaɓe ina gona da hantsi ina kwashe tokar karan nan. Ƙasa da ni 'yan lodi suna aiki, ina jin ƙarar shebur da waƙar da suke yi idan tifa ta kusa cika. Sai na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata, kamar wani ya ja tabarmar da nake tsaye a kai. Na yi tsalle baya. Wani dogon tsagi ya buɗe a gabana, gaɓar ta tafi gaba ɗaya da wata irin ƙara mai nauyi, dim. Waƙa ta tsaya. Sai salati.

Ban san yadda na sauka ba. Mutane na gudu suna kiran sunayen juna, kowa na amsawa, sai suna ɗaya. Taubashina ne ke can ciki, shi ya fi kowa shiga lungu don yashin wajen ya fi laushi. Wasu suka kawo shebur, na daka musu tsawa na ce za su sare shi. Muka durƙusa muka yi ta tono da hannu. Yashin na komawa muna fitarwa. Farcena biyu suka fita ban ji ba. Abin da ke zuciyata kawai shi ne me zan je in gaya wa Inna, ɗan ƙaninta ne, kuma ƙasar gonarmu ce a kansa.

Direban tifa ne ya fara taɓa diddigensa. Muka bi jikin har muka fito da fuskarsa, bakinsa cike da yashi. Na sa yatsa na kwashe, na yi ta kiransa. Can ya yi tari. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan tarin ba. Amma da muka zo ɗaga shi ya yi wata ƙara, ƙugunsa ya karye.

A gaban tifa muka sa shi, kansa a cinyata. Muka tsaya a ɗakin shan magani muka tarar da kwaɗo a ƙofa, ba ranar zuwan ma'aikacin ba ce. Muka miƙe sai birni. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya damƙe mini hannu. Wajen rabin hanya ya buɗe ido ya ce, "Kai ne?" Na ce ni ne. Ya ce, "Kada ka bari su yanke mini ƙafa."

Ba a yanke ba. Ya yi wata uku a kwance. Alhaji ya aiko da gaisuwa da buhun shinkafa, ya kuma sa aka rufe ramin har bayan zaɓe. Malam ya zo asibiti sau biyu, shi kaɗai, babu mai waya.

Ranar zaɓe na yi niyyar in zauna a gida. Inna ce ta ɗauki mayafinta ta ce in riƙe mata hannu. A firamare aka kafa rumfar. Ƙarƙashin darbejiya mutanen Alhaji suna zaune a kan benci suna kallon duk wanda ya shiga layi, ciyaman na cikinsu. Ɗan shingen da ake ɓuya a bayansa a dangwala iska ta karkatar da shi, ina ganin kamar kowa na hango takardata. Na tsaya da tawada a yatsa, zufa na bin bayana. Na tuna gidajen da za su kwana ba tuwo idan tifa ta daina zuwa, na tuna nawa gidan ma. Na dangwala wa Malam, na ninke takardar har sau huɗu, ma'aikacin ya ce in rage ninkin don ta shiga akwati.

Da aka ƙirga da la'asar, Malam ne ya ci akwatinmu. Na yi mamaki, don babu wanda ya taɓa cewa zai zaɓe shi. Na dubi 'yan lodin da ke tsaye, kowa ya sunkuyar da kai. Layin mata ma ranar ya fi na kullum tsawo. Amma da aka haɗa mazaɓa gaba ɗaya ya faɗi, kuma ba da kaɗan ba. Da sanarwa ta fito babura suka cika hanya ana murna. Na tura ƙyaure na sa turmi a bayansa, ni da Inna muka zauna a tsakar gida muna jin duwatsu na sauka a kan kwanon zaure. Kafin magariba suka gaji suka tafi. Sai bayan sati biyu na je Kunci na dawo da iyalina.

Babu dokar da aka yi. Tifofi suka dawo. Sai dai masu gonakin bakin rafi sun je wajen mai unguwa, aka auna tazara daga gonakin kamar yadda Malam ya faɗa, aka kakkafa turaku. 'Yan lodi da kansu suka ce ba mai ƙara haƙa bayan turke, ko wa ya aiko. Ni ban koma ramin ba, ba a kuma kira ni ba. Da rani Watari nake tafiya ƙodago a gonakin albasa da tumatir, in dawo gida ran Alhamis. Taubashina yana tafiya da sanda, yana sayar da fetur a kwalba a bakin hanya. Mun shirya, ba tare da wani ya ba wani haƙuri ba.

A ranin da ya wuce aka kawo katafila rafin. Ita ba ta bukatar 'yan lodi, a yini ɗaya tana cika abin da muke cikawa a mako, kuma direbanta baƙo ne, bai san ma'anar turke ba. Mutanen da suka ji tsoron Malam zai raba su da shebur, ga shi an raba su da shi ba tare da doka ba. Malam ya kira taro a firamare bayan sallar Juma'a, ya zo da takardar koke a kan katafilar da haƙar yashi, wadda za a kai wa wanda ya ci zaɓen. Matata ta ce, "Don Allah kada ka je." Na ce mata leƙawa kawai zan yi.

Na zauna can baya kusa da taga, inda zan iya fita idan wani abu ya taso. Babura biyu na tsaye a bakin hanya, ban san na waye ba, idona na kansu har aka gama karanta takardar. Aka fara zagayawa da ita benci benci. Waɗanda ba su iya rubutu ba suka ce a ba ni in rubuta musu sunayensu su dangwala. Na rubuta na mutum goma sha ɗaya, har da na ciyaman. Biro na zamewa a hannuna saboda gumi. Da na gama na goge tafina a riga, na rubuta nawa a ƙasa, na miƙa wa na kusa da ni.